Gawon Tsakar Gida Bai Mutu Ba

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai jego da baƙuwar da Allah ya kawo mana. Ni dai lafiyata lau, sai gwiwar nan ta hagu da ba ta ga maciji da damina. Goggonka ta warke daga zazzaɓin da ta yi, amma tun da 'yarta ta ɗauke ta ban sake sa ta a ido ba. Yayarka kuma takan aiko da gaisuwa idan ta sami mai zuwa.

Auta, ban san da wane baki zan gode wa Allah ba. Ranar da maƙwabciyata mai ɗinki ta shigo da gudu ko takalmi babu, ta miƙo mini wayarta na ga fuskar jikata, sai na yi ta hamdala. Jikokina duk maza ne, duk abokan hamayya, sai yanzu na yi amarya. Ta zo ba haƙori ko ɗaya, ni kuma saura huɗu, ka ga babu mai yi wa wani gori. Goshinta na mahaifiyarka ne sak, Allah ya jiƙanta. Da aka kashe wayar na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga, ina neman wanda zan yi wa albishir. Da na rasa, sai na gaya wa kaji.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro, ka yi haƙuri da rubutun wanda ya koyi baƙi yana da furfura a ajin yamma. Kwana biyu bayan wayar nan wani mutum ya yi sallama da injin yanka itace a kafaɗa. Ya ce kai ka aiko shi. Wai lokacin da muke magana ka hango busasshen itace a bayana, ya sunkuyo kan ɗakina, kana tsoron kada iska ta kayar da shi a kaina. Na san tausayi ne ya sa ka, Allah ya yi maka albarka. Amma itacen nan gawo ne, kuma ransa ɗaya da nawa, babu wanda ya mutu a cikinmu.

Halinsa ne ya bambanta da na sauran itatuwa. Da ruwan farko ya sauka, kowa na tofo, shi kuma sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, daga farin reshe sai ƙaya. Haka zai yi ta tsayuwa har damina ta wuce. Idan ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, sannan zai yi shar da ƙananan ganyaye masu kama da na tsamiya, don saiwarsa tana can ƙasa inda ruwa ba ya yankewa. Mahaifiyarka takan ce ni da shi taurin kanmu ɗaya. Sau ɗaya ka gan shi, lokacin rasuwarta, da rani, masu gaisuwa suna zaune a inuwarsa. Ba ƙorafi nake yi ba, na san nisa da aiki. Amma an ce zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafarka ta tako gidan nan sau biyu, da ba ka aiko da inji ba.

Na ɗauko wuƙa na kankare ɓawon a gaban mutumin, sai ga shi ɗanye har da danshi. Ya duba, ya ce ya gani, amma shi wanda ya aiko shi ne zai sallame shi, kuma ya sha ganin tsofaffi suna riƙe abin da zai cuce su. Ya ce zai dawo ranar Asabar da hantsi, idan bai ji daga bakinka ba, to zai tayar da inji. Ban yi masa gardama ba. Gidan naka ne, kai ka saya mana shi, ba zan kunyata ka a gaban bare ba.

Bari in gaya maka abin da za a sare. Ganyen da yake zubarwa shi ne takin 'yar gonata ta gindinsa, kuma da yake ba shi da inuwa da damina, rana tana sauka kan shuka yadda take so. Masarar da ke wurin ta fi ta jikin katanga tsawo da kamu biyu. Ɓawonsa nake dafawa idan tari ya matsa mini. Reshen da ya faɗo, da shi nake toshe kafar da awaki suke shigowa, don ƙayarsa bibbiyu take fitowa, fara, mai tsini, ba ta san sabo ba. Ni kaina ta huda mini takalmi ba sau ɗaya ba. Idan ya yi fure, ƙudan zuma yini suke yi suna gunji a kansa.

Amma gaskiyar magana ba wannan ba ce. Idan rani ya tsananta, 'ya'yansa suna nuna, jajaye, a nannaɗe kamar kunne, dabba tana son su fiye da dusa. A lokacin ne ake yi mini sallama. Mai awaki yakan zo da buhu, matar mai gyaran keke ta zo da kwando. Wai tsinta suka zo yi, amma sai an shimfiɗa tabarma, a sha ruwa, a yi gardama, wani ma barci yake yi. Wata huɗu nake da mutane a shekara, Auta. Sauran watannin, in ban da mai ɗinki da takan leƙo, sai in yini ban buɗe baki ba sai a salla. Yanzu haka kwanakin damina nake ƙirgawa. Idan aka sare shi ban san abin da zai sake kawo kowa ƙofar nan ba.

Takarda ba za ta iso maka kafin Asabar ba, shi ya sa mai ɗinki za ta ɗauki hotonta ta tura maka. Ka gaishe mini da mai jego, ka ce sannu da arziki, Allah ya ba ta lafiyar shayarwa. Ka gaida surukanka, da kawunka direba idan ya biyo ta wurinku. Amaryata kuwa, Allah ya raya ta, ya sa ta ji ƙanku.

Roƙona ɗaya ne. Kada ka kira mai injin tun yanzu. Ka bari sai Asabar da hantsi, yana tsaye a gabana, sannan ka kira shi ka ce ya bar mini gawona. Idan ka gama sallamarsa kada ka kashe, ka ce ya miƙo mini wayar, ka matso da ita kusa da bakin yarinyar. Ko kuka take yi, a bar ni in ji.

Ka huta lafiya. Ni ne mahaifinka mai yi muku addu'a kullum,

Baba