Kazar da Kuka Ci a Gidana

Zuwa ga Shugaba da dattawan kwamitin asusun taimakon kuɗin makaranta, na jama'armu ta Katolika a Nguru.

Ranku ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Bayan haka, ni ne Bitrus mai ɗinkin buhu, wanda ke zama a bencin baya a coci saboda ƙafata ba ta lanƙwasuwa. Sau biyu na same ku a asirce, ba ku saurare ni ba. Shi ya sa na rubuta wannan takarda, zan kuma manna ta a ƙofar coci kowa ya karanta.

Maganar 'yata ce, Tariza, 'yar aji huɗu a makarantar mishan. 'Yar fari ce, bakina bai saba kama sunanta ba, amma yau dole ta sa na rubuta shi. Kun hana ta shiga cikin yaran da asusu zai biya wa kuɗin makaranta, hedimasta kuwa ya ce duk wanda bai biya ba ranar da aka koma, za a soke sunansa.

Na ɗaya. Ni ba baƙonku ba ne. Bamaguje ne daga ƙasar Kano, jirgin ƙasa ya kawo ni garin nan, na yi dakon gyaɗa da ƙaro da fatu a tasha har kafaɗata ta yi kanta. Tun ranar da Fada ya buɗe asusun nan, babu Lahadin da kwabona bai faɗa cikin tasar baiko ba, don 'ya'yan wasu su yi karatu. Tawa kuwa da gumina na biya mata shekara uku. Bara buhu ya zamo daga kan dalar gyaɗa ya karya mini ƙugu. Yanzu a zaune nake ina bankin tsofaffin buhuna, mai ɗakina tana tsince ƙaro a kanti, hannu baka hannu ƙwarya. Sai da na yi wata guda ina kai da komo kafin na iya buɗe baki na roƙe ku.

Na biyu. Kun aiko cewa nan da kwana uku za ku zo gidana ku uku: Shugaba, da magatakarda, da Malam katikis. Ba wanda ya ce mini duba talaucina za a zo yi. Abin da na ji shi ne manya za su tako gidana, kuma ban da tabarma mai rami biyu ba ni da abin shimfiɗa musu. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, Babarbariya ce, ta leƙo ta ga mai ɗakina tana goge ƙwarya, ta ce: "Haba 'yar'uwa, a unguwarmu za a ba baƙi ruwa a wannan? Ai sai a zage mu duka." Ta kwaso tasoshinta na jere ta shirya mana a ɗaki. Mijinta Ba Modu ya aiko da dardumarsa da babbar rigarsa ta zuwa Masallacin Juma'a. Telan unguwarmu ya ba da kujera biyu. Wani masunci Babade, abokina tun muna dako, ya ji labari a bakin direba, ya aiko da shinkafa da bandar kifi daga Gashuwa. Mutanen nan Musulmi ne, babu mai ɗa a makarantarku, amma suka taru suka rufa mini asiri.

Abu ɗaya ne nawa a duk abin da kuka gani ranar nan, wato kazar. Ita kaɗai gare mu, ƙwanta muke sayarwa mu sayi kananzir ɗin da yarinyar ke karatu da shi. Da hannuna na yanka ta. Kun ci, kun sha romo, Shugaba har ya nemi ƙari ya yaba hannun mai girki. Na raka ku bakin hanya cikin rigar aro, ina murna na fita kunya.

Na uku. Da aka manna sunaye ban ga nata ba, na je wurin magatakarda. Ya buɗe littafi ya karanta mini: darduma, kujeru, tasoshi jere guda, riga mai aiki, shinkafa da kaza. A ƙasa an rubuta cewa gidan ba ya cikin mabuƙata. Ashe lokacin da nake zuba muku ruwan wanke hannu, ku ƙirgen kayan maƙwabtana kuke yi. Wallahi ranar nan na ji abin da ban ji ba ranar da buhu ya danne ni.

Shugaba da magatakarda, ku daga Kudu kuka zo, sai in ce wataƙila ba ku san yadda muke yi ba, ko da yake ban yarda akwai garin da ake tarar baƙo da ƙwarya fasasshiya ba. Amma kai Malam katikis, ɗan ƙasar nan ne. Ka ga hannun rigar nan ya rufe mini yatsu, don Ba Modu ya fi ni tsawo. Ka san tasoshin Barebari in ka gan su. Ranar da surukanka suka zo daga Jakusko, wa ya ɗauko maka kujerun tela a ka? Ni ne. Ka zauna ana rubuta ƙarya a kaina, kana tsotsar ƙashi. Naka ya fi yi mini ciwo.

Na huɗu. Na koma tare da Ba Modu, dattijo mai furfura, ya bar shagonsa ya tsaya a rana don ya shaida kayansa ne. Ko zama ba ku ba shi ba. Kuka ce an rufe littafi sai baɗi. Yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajinsu, a ina za ta jira baɗin? A kanti, gefen uwarta, tana tsince ƙaro?

Ban ce a cire ɗan kowa ba. Waɗanda kuka ɗauka mabuƙata ne, na san gidajensu. Abin da na gane kawai shi ne, a wurinku mabuƙaci shi ne wanda ya tare ku da tsumma ya bar ku da ƙishirwa. Da kun faɗa mini haka tun farko, da na daure na yi.

Ga roƙona. Ku sake zuwa, kada ku aiko. An mayar wa kowa kayansa, za ku tarar da gidan yadda Allah ya bar shi. Ku buɗe littafin nan kafin Fada, da ya yi tafiya, ya sauka daga jirgin Kano, ko ku bar ni in yi masa bayani a gabanku. Nan gaba kuma, in za ku shiga gidan talaka, ku gaya masa abin da ya kawo ku, kada wani ya sake yanka abin da yake da shi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya muku 'ya'yanku, ya sa su gama karatunsu ba tare da kun tsaya a ƙofar kowa ba. Allah kada ya nuna muku ranar da za ku rubuta sirrin gidanku ku manna a bango.

Saura magana ɗaya. Har yanzu yarinyar ba ta sani ba. Jiya ta wanke rigar makarantarta ta shanya, tana tambayata kwana nawa ya rage. Ranar Litinin zan riƙo hannunta in kawo ta ƙofar makaranta, in tsaya a nan. In korar ta za a yi, ɗaya daga cikinku ya fito ya faɗa mata da bakinsa. Ni na gwada sau uku, na kasa.

Wassalam.

Naku cikin ladabi,
Bitrus mai ɗinkin buhu,
Bayan tasha, Nguru.