Gayyar Wayar Sitaf Dominic

Zuru,
14 ga Yuli.

Zuwa ga abokina Kofur Maharazu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya idon? Yaya Hajiya Bilki da yara, da damina a Argungu? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke yi mini gardama duk ranar da hadari ya haɗu. Uwargidana Rebecca tana gaishe ku. Farida, ke da ke karanta masa, ki ɗaga murya, don babanki ya iya yin kamar bai ji ba in an zo wurin da aka tsokane shi.

Wasiƙarka ta iso ta hannun direba ranar Asabar. Na yi murna da Farida ta sami aikin jinya a Lakwaja, Allah ya sa albarka. Amma ka ce ƙarshen Oktoba za ta tafi, ka kuma rantse ba wanda zai karanta maka wasiƙata in ba ita ba. Na san taurin kanka. To ga mu nan: kai idonka ya daina ganin rubutu, ni kuma ƙarar igwa ta cinye mini kunnen hagu tun muna Saliyo, na daman ma saura kaɗan. In aka kira ni a waya, abin da nake ji bai wuce kukan ƙuda a cikin kwalba ba. Shekara ashirin da shida takarda ce ke riƙe da zumuncinmu. In Farida ta tafi, mun rabu ke nan alhali muna raye. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba saboda wannan tunanin.

Amma saurari wani abu. Tsohuwar wayata, wadda nake karanta saƙo da ita, ta daɗe da gajiya. Sai ka danna ta, ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta buɗe. Masu gyara a kasuwa suka ce kamfanin da ya ƙera ta ya daina kula da irinta, in jefar kawai. Goodness, 'yata ta biyu, wadda ke koyar da kwamfuta a sakandare, ta ce a'a. Ta jona ta da kwamfutarta, ta share duk abin da kamfani ya zuba a ciki, ta sa mata wata sabuwar manhaja, wato abin da ke sa waya ta san aikinta.

Kofur, wayar nan ta tashi! Caji ɗaya yana kai ni kwana biyu. Tallan nan da ke faɗo mini ina tsakiyar karatu, ko ɗaya babu. Ba na ce ba ta da aibi ba: manhajar banki ta ƙi hawa sam, kuma Rebecca ta ce hoton da take ɗauka yana ƙara mata shekara goma. Ni dai ban ga bambanci ba, amma ban faɗa mata ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne masu yin ta. Goodness ta ce ba kamfani ba ne. Mutane ne ɗaruruwa a ƙasashe dabam-dabam, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, ba mai biyan su albashi. Sun baje aikin a fili, kowa ya duba, wanda ya ga ɓaraka ya gyara. Na tambaye ta wane ne kwamandansu, ta yi dariya. Na ce rundunar da ba kwamanda ko kwata ba za ta tsallake ba. Ga shi kuwa abin yana aiki a hannuna.

Sai daga baya na gane: ai gayya ce. Ka san golmo ɗinmu, noman da saurayi da abokansa ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Lokacin da na shiga soja saura mini damina biyu a gonar baban Rebecca. Abokaina ne suka ƙarasa, ni ina bariki a Kaduna. Na ɗauka irin wannan hali a duwatsunmu kaɗai yake, ashe har cikin waya ana yin sa.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. A cikin manhajar akwai wurin da ake tura sauti duka zuwa kunne ɗaya a kuma ƙara masa ƙarfi. Na sa iyafis a kunnen dama, na ji labaran rediyo tas, har da tarin mai karantawa. Sai dai in kira ne aka yi, abin ba ya aiki. Goodness ta ce kowace irin waya tana da mai kula da ita a cikin mutanen nan, kuma ana iya rubuta masa. Namu bai sa hotonsa ba, hoton kwaɗo ya sa. Na rubuta masa da Turancina na bariki. Ban sa rai ba, amma na rubuta.

Ka gaida Hajiya. Ka rage cin kifi, Bakabe.

Naka,
Sitaf Dominic.

Zuru,
23 ga Agusta.

Kofur,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Yaya ƙoƙari? Farida, sannu da aiki.

Mai Kwaɗo ta amsa cikin kwana biyu. I, ta amsa, don mace ce. A ƙasar Barazil take, tana aiki a kantin magani, in ta tashi aiki ta zauna kan wannan. Mahaifiyarta na da waya irin tawa, shi ya sa ta ƙi barin irinta ta mutu. Ta yi mini tambayoyi sun fi na likitan soja: wane kunne, murya mai kauri na fi ji ko siririya, wane irin iyafis. Ka duba fa, mace a bayan teku, ba ta san ko Zuru gari ne ko sunan abinci ba, ta zauna tana tunanin kunnena.

Bayan mako guda ta aiko da gwaji na farko, Goodness ta zuba. Rebecca ta zagaya bayan rumbu ta kira ni. Wata ƙara ta tsaga mini kai har na yar da wayar a kan tabarma, amma a ƙarƙashin ƙarar na tsinci sunana. A gwaji na biyu ƙarar ta ragu, sai dai muryar tana tsinkewa, ina kama kalma ɗaya cikin uku. Kowane karo sai mun rubuta mata abin da ya faru dalla-dalla.

To a nan ne abu ya ɓaci, kuma raina a ɓace nake rubuto maka. Ka san a wurinmu ba a sallamar 'yan gayya da yunwa. Mutum ya yi maka wuni a gona, dole ya ci naka kafin ya tafi. Wanda kuwa aka ajiye wa abinci ya ƙi ci, ya gaya maka ke nan bai ɗauke ka mutum ba. Na je Dabai na sayo akuya, ja, mai ƙiba. Na ce za a yanka a yi kilishi, a haɗa da garin dawa, a aika mata. Goodness ta ce in bari, na ce ta rubuta yadda na faɗa, ta tambayo adireshi.

Amsar ta zo da hoton fuska mai dariya. Wai ta gode ƙwarai, amma ba ta karɓar komai, ba ta kuma ba da adireshinta. Na sake rubutawa, ta sake ƙi.

Kofur, na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina kurtu. Ni ba mabaraci ba ne. In ba za ta ci nawa ba, ni ma ba zan ci guminta ba. Ta aiko da gwaji na uku, na hana Goodness taɓa shi. Wayar tana cikin akwatina na ƙarfe, akuyar tana ɗaure a gindin mangwaro tana cinye wa Rebecca ganyen wake.

Na san lokaci yana tafiya. Kada ka tuna mini.

Naka,
Dominic.

Zuru,
9 ga Oktoba.

Abokina Maharazu,

Ina gaisuwa. Yaya gida, yaya shirin tafiyar Farida? Allah ya kai ta lafiya.

Na karɓi wasiƙarka, na kuma karɓi zagin. Ban san Farida za ta yarda ta rubuta wa sa'an babanta kalmar jaki ba, amma ta rubuta, har ta ja mata layi. Ka yi gaskiya. Mako biyar na ɓatar ina fushi da matar da ba ta ma san ina fushi ba.

Rebecca ce ta warware abin. Ta zaunar da Goodness ta ce ta bayyana wa baiwar Allahn nan mece ce gayya, mene ne golmo, da abin da ƙin cin abinci yake nufi a wurinmu. Ni ban san sun yi ba sai da amsa ta zo. Goodness ta fassara mini. Matar ta ce ba ta sani ba, ta ba da haƙuri. Ta ce nama ba zai tsallake kwastan ɗinsu ba, adireshi kuma tsoro ne ya hana ta bayarwa, don ba kowa ne a intanet yake da kirki ba. Sannan ta ce wai ni ma ai ɗan gayyar ne, tun da ita ba ta da kunne irin nawa da za ta gwada aikin da shi, rahoton da nake aikawa shi ne nawa noman. Amma in dai sai an ci, to in sa rana da lokaci, mu ci a nan, ita ma ta ci a can.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci muka yanka akuyar. Rebecca ta tuƙa tuwon dawa, maƙwabta suka zo, har da Abel, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ƙarasa mini golmo. Ƙarfe huɗu na yamma muka zauna, wai a can lokacin tsakar rana ne. Goodness ta ɗauke mu hoto ta aika. Kafin in gama loma ta uku sai ga nata ya shigo. Mace ce gajera mai tabarau, da farar rigar aiki, ga tsohuwarta a gefe, ga kwanon shinkafa da baƙin wake a gabansu. Ta ɗaga cokali tana kallon mu. Ba wannan kaɗai ba. Ashe ta ba da labarin a dandalin masu yin manhajar, sai ga hotuna suna ta shigowa: wani a Indiya da gurasarsa, wani dattijo a Jamus da dankali, wasu biyu a Kenya. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga, kowa da kwanonsa.

Abel ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko duk waɗannan gonata suka yi wa aiki. Na ce i. Ya ce a zamaninmu ma ba a taɓa tara wa mutum gayya daga nisa haka ba. Ni kam na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu.

Kada ka ɗauka an gama. Mun zuba gwaji na uku, wayar ta mutu murus, fuskarta baƙa ƙirin kwana biyu. Na ce shi ke nan, girman kaina ya jawo. Matar nan ta bi Goodness mataki-mataki har ta farfaɗo. Ta ce kuskuren nata ne, ta faɗa a fili gaban kowa, ba ta ɓoye ba. Yanzu muna jiran na huɗu. Saura mana mako uku. Ka yi addu'a irin taku, ni ma ina yin irin tamu.

Farida, ki rubuto mini lambar wayar babanki da manyan baƙaƙe.

Naka har kullum,
Dominic.

Zuru,
27 ga Oktoba.

Kofur Maharazu,

Gaisuwa, ko da yake jiya mun gaisa a waya, tun da gwaji na huɗu ya yi aiki. Direba zai taso gobe, na ce bari in ba shi wannan don ta riski Farida kafin ta kama hanya. 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kin ɗauki nauyin tsofaffi biyu masu rigima shekara shida ba ki taɓa ƙorafi ba. Ki tafi da kwanciyar rai.

Akwai abin da na kasa faɗa maka jiya. Da aka ɗauki wayar, na ji muryar wani tsoho tana rawa, tana sallama. Shi ya sa ka ji na ce a ba ni Kofur Maharazu. Ba tsokana ba ce. Zuwan da na yi Argungu shekara tara da suka wuce, bakinka kawai nake kallo ina gyaɗa kai. Muryarka da na sani ita ce ta mai shekara talatin da biyar, wadda ke tashin mutane a fareti. Ita nake ji duk lokacin da na karanta wasiƙarka. Sai da ka yi dariya na gane kai ne. Shirun da ka ji na yi bayan nan ba layi ne ya yanke ba. Kuka nake yi, Rebecca tana riƙe da hannuna.

Ashe mun tsufa, abokina. Ba wanda ya gaya mini, sai da na ji da kunnena.

Na rubuta wa matar Barazil rahoto na ƙarshe. Ta ce gyaran zai shiga manhajar kowa a wata mai zuwa, duk mai waya irin tawa a duniya zai same shi.

Ranar Juma'a in ka sauko daga masallaci ka ajiye wayar a aljihun gaba, ƙarfe huɗu zan kira. Kuma don Allah ka daina tsayawa bayan kowace magana kana tambaya ko ina jin ka. Jiya sau tara ka tambaya. Ina jin ka, Kofur.

Naka,
Sitaf Dominic.