Kwalabe Shida da Littafin Debora

Litinin, 15 ga Satumba

"Anti Hannatu, duk sati biyu za ki gan ni da ƙafata, in duba su, in sa hannu a littafinsu." Haka Malam Istifanus ya faɗa ranar da ya kawo mini ɗalibai biyu daga makarantar koyon aikin lafiya, yana tsaye a ƙofar asibitinmu na sha-ka-tafi, ko mashin ɗinsa bai kashe ba. Yau sati huɗu. Ƙafar ba ta iso ba. Na rubuta maganar a nan don kada wata rana ya ce ba haka ya ce ba.

Yaran dai ba laifi. Olufunke haifaffiyar nan unguwar Magajiya ce, babu lungun da ba ta sani ba, bakinta kuma ba ya hutawa. Debora daga Gawu Babangida take. Shiru-shiru, komai sai ta rubuta. Ko tari na yi ina jin yana cikin takardarta.

Laraba, 17 ga Satumba

Ranar awo. Jarirai arba'in da uku. Na bar wa Olufunke jawabin shayarwa. Ta fara da Turancin aji, iyaye suka zuba mata ido kamar mai tallan inshora. Na yi gyaran murya sau ɗaya. Ta ajiye takardar ta ce, "To, iyayena, wa ya ba jaririnsa ruwa jiya? Kar a ɓoye, Allah na gani." Hannu tara suka tashi, ana dariya. Daga nan aka yi magana ta gaske.

Mun tashi ƙarfe biyu, muka ci dafaffiyar gyaɗa a baranda. Rana mai kyau.

Alhamis, 25 ga Satumba

Raina ya ɓaci yau.

Ranar fita rigakafi ce zuwa unguwar bayan rafi. Ladi, ma'aikaciyarmu, ta tafi da Debora, kuma Debora ce ta shirya akwatin sanyi. Ta ciro robobin ƙanƙara daga firiza, ta jera, ta ɗora kwalaben allurar penta a jikinsu nan take. A tunaninta iyakar sanyi iyakar kyau. Alhali sai an bar robobin a kan tebur sun yi gumi, an girgiza an ji ruwa na motsi, sannan a saka. Penta in ta daskare ta mutu. Sai a yi wa yaro, uwa ta koma gida da kati a cike, yaron kuwa babu abin da ke kare shi.

A can Debora ta buɗe akwati ta ga ƙanƙara a cikin kwalabe shida. Ladi na gefe tana rajista, ba ta gani ba. Mata ashirin da biyu a zaune. Da ta dunƙule su a hannu minti biyu, da sun narke, babu wanda zai taɓa sani. Sai ta je ta taɓa kafaɗar Ladi. Suka dawo ba a yi wa kowa allurar ba.

Na yi wa Debora faɗa har masu jira suka yi tsit. Abin da kawai ta ce: "Momi, a aji an ce mana a kiyaye zafi. Ba wanda ya ce a kiyaye sanyi." Na ɗauko littafin koyarwarsu, wanda na karanta daga bango zuwa bango tun satin farko. Yana nan, layi biyu a ƙasan shafi. Layi biyu!

Laifina ma yana ciki. Ina ofis ina waya lokacin da take shiryawa. Haka na rubuta a rahoto, da sunana.

Juma'a, 26 ga Satumba

Debora ta zo kafin kowa. Idonta a kumbure. Muka kama aiki.

Talata, 30 ga Satumba

A ƙarshe Istifanus ya ɗauki waya. Ran 17 ga Oktoba za a rufe karɓar littattafai, kuma duk wanda babu hannun malamin makaranta a nasa ba zai zauna jarrabawa ba, sai baɗi. Na ce to yaushe za ka zo? Wai ayyuka, wai hanya. "Ki cike musu duka kawai, ki ba direba ya kawo, in sa nawa a ofis. Haka kowa ke yi, Anti."

Na ce akwai layi ɗaya a littafin Debora da ban sa wa hannu ba, na shirya akwatin sanyi, kuma ba zan sa ba sai na gani da idona. Ya ce kar in ɓata wa yarinya shekara a kan ƙanƙara. Ni ce ma zan ɓata! Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan je ina tuba ranar Lahadi.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Sun koma bayan rafi. Olufunke ta bi gida-gida tun jiya tana ba da haƙuri, wata tsohuwa ta ce mata, "Ku ne masu allurar da ta ji sanyi?" Mata goma sha tara sun dawo. Ukun da suka rage masu sammakon aiki ne zuwa Abuja, Debora ta karɓo lambobinsu ba tare da na sa ta ba.

Kafin su fita na tsaya a kanta tana shirya akwatin. Ta girgiza kowace roba a kunnenta. Daidai. Ban sa hannu ba tukuna. Sau ɗaya ba ya nuna komai.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Yau na iske Debora tana koya wa sabon mai gadi dalilin da ya sa ba a kashe firji ko da za a caja waya. Da irin muryata, har da ɗaga yatsa. Olufunke na bayanta tana kwaikwayon mu biyun, ta ɗauka ban gani ba.

Akwatin kuwa Debora ce ta shirya. Ina zaune ina shan kunu, sai da suka tafi na tuna ban leƙa ba. Da suka dawo na sa hannu. Ta tsaya tana kallon layin, na ce ta tafi ta wanke hannu, ba hoto ba ne.

Wai sauran kwana takwas su gama. Ban ƙirga ba, Ladi ce ta faɗa.

Na tura wa Istifanus saƙo: na ba shi zuwa Talata, sha biyun rana, ya zo nan ya zauna ya ga abin da suka iya. In agogo ya buga bai zo ba, Laraba da sassafe zan bar wa Ladi asibiti, in ɗauki littattafan nan biyu, da akwatin sanyi, da 'ya'yan nan nawa biyu, mu hau mota zuwa makarantar. A kan teburin shugabansu Debora za ta shirya shi, Istifanus kuma a kira shi ya tsaya ya kalla da biro a hannu.