Yatsu Biyu Daga Bindigar Baba

Zuwa ga tsohon maƙwabcina kuma abokin farautata, Malam Bitrus kafinta, a duk inda wannan takarda ta riske ka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Maman Rahila da yara da jikoki. Ni ne Ummaru mahauci na Ƙofar Dundaye, wanda shagonka yake jingine da katangar gidansu. Na rubuto a fili ne saboda ba ni da lambarka, ban kuma san garin da ka zauna ba tun da ka bar Sakkwato. Wataƙila cikin masu karatu a samu wanda zai kai maka. Ba zan yi kewaye-kewaye ba, gafararka nake nema, kan maganar da na faɗa maka saboda bindigar mahaifina yau shekara ashirin da ɗoriya.

Ka san bindigar, mai baki biyun nan da na gada tare da lasisinta. Ka kuma san Baba, Allah ya jiƙansa: dogo, mai dogon wuya, hannuwansa kamar za su taɓa gwiwa. Ni kuwa wajen uwata na ɗauko, gajere kakkaura, wuyan ma sai an nema. A jikin itacen bindigar akwai wani wuri da ya yi baƙi yana sheƙi, inda kumatun Baba suka yi shekaru suna kwanciya. Duk ranar da na yi kewarsa, nan nake shafawa da babban yatsa.

Ranar Asabar muke fita, tunda Jumma'a tawa ce, Lahadi taka. Mu hau babur ɗinka da sanyin safiya mu gangara fadamar gulbin Rima, lokacin da shinkafa ta nuna kirinjijiya, agwagin ruwan nan, suka sauko mata. Kai ka harbo, ni in ruga da wuƙa in yanka, don gidajenmu biyu su ci daga tukunya ɗaya. Aikina ke nan a farautar, yankan abin da wani ya kayar. Idan na ɗaga tawa bindigar, tsuntsayen ko sauri ba sa ƙarawa. Kakan ce sun gane ni, sun san ba ni da mugun nufi.

Dariya nake yi, amma abin yana cina. Ɗan mutumin da ba a taɓa jin ya ɓata harsashi ba, ga shi yana dawowa gida da kumburarriyar kafaɗa da jakar wofi. Har a mahauta sun samu abin tsokana.

Kai ne ka fara cewa ba hannuna ne da laifi ba. Wata Asabar ka juya babur zuwa bayan Kalambaina, ka samo takardun buhun siminti, ka kafe su a jikin wani tudun ƙasa, ka ɗiga baƙi da gawayi a tsakiya. Ka ce in ɗaga in harba ba tare da dogon saiti ba, kamar yadda ake yi wa tsuntsu. Sau uku na harba, sau uku ƙwayoyin harsashin suka taru a ƙasan ɗigon, wuri guda, kamar an aike su.

Sai ka cire harsashi, ka duba da kyau, ka sa gindin bindigar a lanƙwasar gwiwar hannuna. Yatsana bai kai ga kunama ba sai da na miƙe shi da ƙyar. Ka koma gabana ka ce in auna ka, kana leƙen saman bakin bindigar. "Ummaru, ban ga idonka ba, hularka kawai nake gani," in ji ka. Ka yi mini bayani a tsanake cewa an sassaƙa itacen ne daidai jikin Baba. Ya yi mini tsawo da yatsu biyu, kumatuna kuma suna sauka ƙasa da inda ya kamata, shi ya sa harbina yake nutsewa. A rage tsawon, a ɗan ɗaga makwancin kumatu, shi ke nan.

Na tuna amsar da na ba ka, da ƙarfi kamar kana nesa: "Yadda Baba ya bar ta, haka za ta zamna." Ba ka ja ba. Ka naɗe takardunka muka tafi.

Bayan damina biyu muka zame a laka, bindigar ta bugi dutse, ƙarshen gindinta ya tsage. Na kawo maka shago na ce ka manne mini, ban ce komai bayan wannan ba. Da na dawo bayan mako guda, tun daga bakin ƙofa na ga ta rage tsawo. Ka yanke yatsu biyun nan. Makwancin kumatun Baba kuwa ka lulluɓe shi da jar fatar akuya, ka ɗinke tsaf. Nan take zuciyata ta ba ni cewa ka kankare wurin ne, ka rufe don kada in gani.

Har yau ina cewa ya kamata ka tambaye ni, Bitrus. Sai dai ka riga ka san amsar da zan ba ka, ni ma na sani.

Ga abin da ya fito daga bakina ranar. Na ce, "Mi ka sani ga kayan uba, kai da ba ka tashi da naka ba?" Ni kaɗai ka taɓa gaya wa a unguwar nan cewa mahaifinka ya rasu kana goye, a bakin gulbi ka gaya mini muna cin ƙosai. Sirrin da ka ba ni ajiya, shi na ɗauko na jefe ka da shi a gaban mutane. Ka ajiye zarton da ke hannunka a hankali. Iyakar abin da ka ce shi ne, "Ka gwada ta tukuna."

Na gwada, ai. Ban taɓa gaya maka ba. Asabar ta gaba na tafi fadama ni kaɗai a ƙafa, ina huci. Garke ya tashi, na ɗaga, bindigar ta zauna a kafaɗata kamar tare aka haife mu. Harbi biyu, tsuntsu biyu. Na tsaya cikin ruwa har gwiwa ina kallon hannuwana. Da zan shigo unguwa na cusa su cikin buhu don kada ka gani daga shago, ka ji wauta. Matata Hajara kuwa ta dafa, ta miƙa wa Maman Rahila kwano ta kan katanga. Don haka ka sani tun a daren farko, ka kuma jira in zo. Ban zo ba.

Wata takwas muna gaisawa kamar baƙi. Kullum sai in ce gobe. Da labari ya zo cewa za ku bar Sakkwato don jinyar tsohuwarka, na tsiri tafiya kasuwar shanu ranar da za ku tashi, alhali ba ni da abin saye. Na dawo na tarar da shago a kulle. Ka bar mini ɗan ƙunshi a hannun Hajara, na ce ta jefa a murhu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne ɗana Bello, wanda kake ɗorawa a kan teburin aikinka yana wasa da tarkacen itace. Ya zama magidanci, yana noman shinkafa, tsawon kakansa ya ɗauko kaf. Idona ya fara hazo, don haka muka bi hanya aka mayar da lasisin da sunansa. A watan jiya ya ɗaga bindigar a tsakar gida, sai ga babban yatsansa yana dungurar hancinsa. Ta yi masa gajarta. Na ce da itacen Baba yana nan yadda yake, da ya yi masa daidai.

Hajara ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta kwance ƙasan akwatinta, ta fito da ƙunshin nan. Ashe ba ta ƙona ba. Guntun itacen ne, ka manne tsagar har ba a ganinta, ka dasa masa turaku biyu ƙanana. Muka cire marfin gindin bindigar, sai ga ramuka biyu suna jira. Bello ya danna, ya shige cif.

Daga nan na sa wuƙa na warware ɗinkin jar fatar, karo na farko. Ka shimfiɗa ƙyalle mai laushi a ƙarƙashi. Wurin Baba yana nan da baƙinsa da sheƙinsa, ko ƙwarzane babu. Ni da na yi shekara ashirin ina cewa ka goge mini uba, ashe kai ka fi ni sanin yadda ake adana shi. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka a gaban ɗana, ban ji kunya ba.

Ina kewarka, Bitrus. Ina kewar warin man itacen shagonka da tsokanarka a kan babur. Na yi maka laifi, na kuma ƙara da girman kai, ba ni da wata hujja. Idan kana raye, ka yafe mini. Ƙafata tana iya shiga mota har yanzu, ka aiko da sunan gari kawai, zan zo in faɗa maka da bakina a gaban iyalinka, kamar yadda na ɓata maka a gaban mutane. Idan kuwa na makara, Rahila, ke nake roƙo ki karɓi wannan a madadin babanki.

Allah ya ba ka lafiya da tsufa mai daɗi, ya yi wa zuriyarka albarka, ya saka maka da alherin da ka yi mini ina zaginka. Allah ya ara mana kwana, ni da kai, har in ji amsarka.

Naka, mai jira,
Ummaru