Ƙeyar Sadiƙu da Kujerata

Mubi, daren Laraba

A sanar da gabas da yamma: ƙeyar ɗana Sadiƙu, ɗan wata huɗu, ta baje ta gefen dama kamar faifai!

Na yi ta bincike a littattafai, gabana na faɗuwa kada abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Surukata da ta zo daga Duvu ta ce, "Malam, ku kuka hana goyo. Kun jibge yaro a katifa kamar buhun masara."

Yau muka je asibiti. Nas ta shafa kan, ta ce ƙwaƙwalwa lafiya lau. A riƙa goya shi, a kifa shi in yana farke ana kallonsa, barci kuwa a rigingine. Sai ta tambaya, "Me yake juyawa yana kallo ta dama kullum?"

Maman Sadiƙu ta nuna ni da baki. Nan kujerata take, inda nake karanta masa tarihin dauloli. Ashe ɗalibi guda da bai taɓa kau da kai daga laccata ba, da ƙeyarsa ya biya.

Alhamdu lillahi. Na zauna a matsayin alƙali, na yanke: kujera ta koma hagu, wankin nafkin na gobe kuma a wuyan mai laifi, amma kafin maƙwabta su tashi.