Robar Injin Ban-ruwa

Zuwa ga mahaifina, Malam Sahabi na Goronyo,

Bayan gaisuwar da ta dace da ɗa ga uba. Ni ne Nasiru, mai digiri a fannin injiniyancin noma, wanda ya kammala bautar ƙasa cikin daraja. Maƙasudin wannan takarda shi ne in gabatar maka da hujja gagara-musu a kan muhawarar da ka rasu ba mu ƙarasa ba. Na san ba za ka karanta ba. Wannan ba zai hana ni rubutawa ba.

Ka sha faɗi a gaban jama'a cewa karatuna ba zai ɗebo ko moɗa guda daga gulbin Rima ba. To, ga rahoto.

Bayan rasuwarka injin ban-ruwa ya tsaya. Robar nan mai kama da zobe da ke toshe bakin famfo, wadda kake yankawa daga tsohon tub ɗin taya da idonka kawai, ta tsage. Irin albasa ya fara kwantawa. Ƙanenka, Baffa Umaru, ya gwada faɗinta da tsinke, ya karya daidai, ya ba direban motar Sakkwato ya sawo irinta. Direba ya ci nama a hanya, ya sakace haƙori da tsinken. Robar da ya kawo ko yatsan Inna ba ta shiga. A kan wannan abin kunya Baffa ya yanke hukuncin cewa injin ya bi mai shi, a sayar da fadamar a raba gado.

Na ƙi, Baba. A gaban dattawa na ƙi, aka ce boko ya ci mini ladabi. Mi ya rage mana in fadamar ta tafi?

Wayar nan da kake kira madubin zaman banza, ita na ɗauko. Akwai rula a cikinta, amma ba a amince mata sai an daidaita ta. Na aza katin banki a kan gilashin, tunda faɗinsa ɗaya ne ko'ina a duniya, na ja layi har ya yi daidai da gefensa. Sannan na wanke tsohuwar robar, na haɗa bakin tsagewar, na shimfiɗa ta, na karanta faɗin ciki da na waje. Lambobi na aika Sakkwato. Babu direban da zai sakace haƙori da lamba.

Jiya sabuwar robar ta iso. Ta zauna daram. Injin ya yi tari, ya tashi, ruwa ya bi lambatu har kwamin albasa na ƙarshe. Baffa ya tsaya yana kallon sama. Inna kuwa ta koma gida ta dafa maka tuwon da kake so, muka ci.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Saboda injin nan na zaɓi wannan karatu. Tun ina yaro nake ganin ka tsugune gabansa cikin laka, ina ƙudurta cewa wata rana ni zan tashe ka. Don mi ba ka jira ba?

Fadamar ba ta sayarwa ba ce, ko wa zai yi fushi ya yi.

Saboda haka ina buƙatar ka janye kalamanka a rubuce kafin a cire albasar bana. In wa'adin ya cika shiru, zan ɗauka ka sallama, kuma buhun farko sadakarka ne.

Allah ya haskaka makwancinka.

Ɗanka da bai sauka daga matsayarsa ba,
Injiniya Nasiru Sahabi