Rumfar Ƙofa Daga Itacen Lilonmu

Gonar Preece, kusa da Kington
Ƙarshen watan Yuli

Zuwa ga ƙanena Ivor,

Ina gaishe ka gaisuwar 'yar'uwar da ta daɗe ba ta sa ɗan'uwanta a ido ba. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Corinne da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin da na ji ya sauko muku, ya sa albarka a tumakinka da duk abin da hannunka ya taɓa. Har yau abin yana ba ni mamaki, a ce muna nan muna yankan ciyawa rana tana ƙona mana ƙeya, ku kuwa a New Zealand kuna fasa ƙanƙara kafin dabbobi su sha ruwa.

Mu ma lafiya lau, sai godiya. Maigidana Howell yana fama da bayansa kamar kullum, amma da ya ji an ce akwai kasuwar shanu sai ciwon ya tafi hutu. 'Yarmu Bryony ta gama karatun jinya, ta fara aiki a Hereford, yanzu duk wanda ya yi tari a gidan nan sai ta tsare shi da tambayoyi. Gwaggo Nesta ta warware daga aikin da aka yi mata a ƙugu, har ta koma rigimarta da matan coci kan wa zai jera furanni. Tuffa ta yi 'ya'ya bana sosai, rassan har ƙasa suke taɓawa.

Na san za ka ce me ya kawo takarda alhali muna magana ta waya kowace Lahadi. To, duk lokacin da ka kira, Baba yana manne da kafaɗata, akwai kuma maganar da ba ta faɗuwa a gabansa. Bari in fara da labarin rumfa, sauran zai biyo.

Ka tuna na gaya maka guguwar watan Janairu ta kayar da babban itacen oak na ƙasan makiyaya, wanda muke lilo a jikinsa. Da gari ya waye Baba ya ɗauki sandarsa ya gangara cikin taɓo, ya ɗora hannu a kan gungumen. Howell, da bakinsa da ba ya jiran izini, ya ce ai mun huta da neman itacen wuta na shekaru. Baba ya juyo ya ce duk wanda ya sa itacen nan a murhu, to ya haɗa da shi ya cusa. Sannan ya ce rumfa za a yi wa ƙofar gida. Ka san Mama ta yi ta roƙon rumfar nan tun muna yara. Ka tuna yadda take tsayawa a bakin ƙofa ruwan sama yana dukanta, kwando a hannu ɗaya, tana laluben makulli da ɗayan, tana cewa duk ƙauyen nan gidan Rowland Preece ne kaɗai ke tarbar mutum da wanka? Shi kuwa kullum sai ya ce baɗi. Ga shi baɗin ya zo, ita tana kwance a makabartar bayan coci.

Aubrey Skyrme muka kira, abokinka na makaranta. Ba za ka gane shi ba, gashin nan da yake taƙama da shi ya tafi, tumbi ya zo a madadinsa. Amma a aikin ginin katako babu kamarsa a yankin nan. Ya auna ƙofa da bango, ya tafi, ya dawo da zane a babbar takarda. Baba ya karɓa, ya kai kusa da hanci, ya yi ta gyaɗa kai yana cewa ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai. Ivor, a kife ya riƙe takardar. Aubrey ya dube ni, na dube shi.

Ga abin da ban faɗa maka ba. Idon Baba na hagu ya riga ya tafi. Na dama ma tsakiyarsa ce ke mutuwa, gefe-gefe kawai yake gani. Yana iya ganin mutum na tahowa, ya ga tsayinsa da tafiyarsa, amma fuska sai a waje cikin hasken rana, sai kuma mutum ya matso dab da shi, shi kuma ya karkata kai kamar kaza mai kallon shaho. Likita ta ce ɗan abin da ya rage ba ta tsammanin zai wuce hunturunmu mai zuwa. Duk ranar da ka nuna masa yara ta waya yana cewa Tegan ta yi tsayi, Rhodri ya ɗauko hancin Mama, ni ce nake raɗa masa a kunne. Haske kawai yake gani yana motsi. Ya ce in na gaya maka sai ya kore ni daga gidan, wai kana da iyali da tumaki masu haihuwa, ba ka da lokacin tsoho mai laluben bango.

Bayan 'yan kwanaki Aubrey ya dawo ba tare da takarda ba. Ƙaramar rumfa ya haɗa da guntayen katako, wadda ba ta fi akwatin burodi ba, ya ajiye a kan tebur ya ce shi ma zane ba ya shiga masa kai sai ya taɓa da hannu. Allah ya saka wa mutumin nan. Baba ya bi ta da yatsu, ginshiƙi biyu na gaba, lanƙwasassun itatuwan da ke tokare su, gicciyen sama, rufin mai tsini. Da ya tambayi tsayin gicciyen aka gaya masa, sai ya ce bai yi ba, Ivor zai buga kai. Aubrey ya ce in an ƙara tsayi rufin zai kai ga tagar ɗakin sama, rumfar ta zama kamar raƙumin dawa ya leƙo gida. Baba ya ce ai shi Aubrey tun yana yaro a ƙarƙashin hammatarka yake tafiya, ina zai san wahalar dogon mutum. Aubrey ya ce dogon mutumin da ya tsere ƙarshen duniya ya bar gajeru da aiki, in ya zo ya sunkuya mana. Suka yi ta yi har shayi ya huce. A ƙarshe aka sauke daɓen ƙofar kaɗan, aka ɗaga gicciyen kaɗan, kowa ya ce shi ya ci.

Ranar da aka kai gungumen injin tsaga katako, ana cikin yanka sai muka ji ƙara, zarto ya yi tartsatsi ya tsaya. Mai injin ya sauko yana zage-zagen da ba zan rubuta ba. Da aka tono wurin, ka san abin da aka samu? Ƙugiyar ƙarfen nan da ka buga a gindin babban reshe don ɗaura igiyar lilo, ranar da ka faɗo ka karya haƙori. Itacen ya haɗiye ta tuntuni, ya rufe a kanta. Ƙarfen ya rina katakon, wani baƙi mai shuɗi-shuɗi ya bi tsawonsa kamar an zubar da tawada. Aubrey ya ce zai juya wannan gefen ya fuskanci bango don kada a gani. Na bayyana wa Baba yadda tabon yake, sai ya ce a'a, shi za a sa a gicciyen gaba, tabon yana kallon hanya. Wai ɓarnar ɗansa ce, ba zai ɓoye ta ba.

Da ɗanyen itace ake aikin, ka sani, tun yana da taushi. Shagon Aubrey ya cika da tsamin nan nasa mai shiga hanci, hannuwan kowa suka yi baƙi. Babu ƙusa ko ɗaya a jikin rumfar. Sai a fere kan wannan katako, a sassaƙa rami a wancan, a zura, a huda, a buga turken itace ya riƙe su. Turakun nan Baba ne ya fere su duka. Aubrey ya tsaga masa guntaye, ya zauna a bakin shago da wuƙarsa, yana fiƙewa yana shafawa da babban yatsa. Ya yanke hannu ba sau ɗaya ba, Bryony ta yi ta faɗa tana naɗa masa bandeji, shi kuwa yana ce mata 'yar likita ta rufa masa asiri ta bar shi ya yi aiki. Tun rasuwar Mama ban ga ya ci abinci kamar a makonnin nan ba.

A watan Yuni aka ɗaga ta. Maƙwabta suka zo, Gwaggo Nesta ta kawo burodi da cuku da wainar tuffa, Howell ya fito da giyar tuffarsa ta bara. Aka kafa ginshiƙan a kan duwatsu don kada danshi ya ci gindinsu, maza suka ɗaga gicciyen da kafaɗa, Aubrey yana sama yana ihu a matsa hagu, Gwaggo Nesta tana ƙasa tana ihu a matsa dama. Da katakon ya zauna a raminsa, ya yi wata ƙara mai nauyi da na ji har cikin ƙirjina. Kowa ya yi tafi. Ni kuwa na juya ina nemanka a cikin mutane, kamar wata sakara. Duk wani aikin ƙarfi da aka taɓa yi a gidan nan kana gaba, rigarka a ɗaure a ƙugu. Na shiga kicin na yi kamar ina yanka burodi har idona ya bushe.

Yanzu an rufa ta da falalen duwatsu irin na gidan, an sa benci a kowane gefe. Itacen yana bushewa, wani lokaci ya tsage da ƙara kamar an harba bindiga, karenmu ya zabura. Aubrey ya ce haka yake yi, ƙara ƙarfi ma yake. Baba ya mayar da wurin ɗakinsa. Daga karin kumallo har rana ta karkata yana nan, ko ana ruwa, fuskarsa tana kallon hanya. Ya ce iska yake sha.

Ranar Talatar da ta wuce ina shanya sai na ga ya miƙe tsaye, babu sanda. Wani dogon mutum ne ke hawowa daga ƙofar gona da jaka a baya, yana jefa ƙafa irin taka. Baba ya gyara hula, ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya fito daga rumfar, ya ɗaga murya ya ce, to, sai yau ka ga dama? Mutumin ya tsaya turus. Baƙo ne daga Birmingham, mai yawon ƙafa, ya ɓace hanyar da ke hawa tudu. Baba bai nuna komai ba. Ya zaunar da shi a benci, ya sa na kawo shayi, ya riƙe bawan Allah da hira har ya fara duba agogo. Da ya tafi, Baba ya ce mutumin tafiyar agwagwa gare shi, bai yi kama da kowa namu ba. Can sai ya tambaye ni ko ƙarfe nawa ne yanzu a wurinku.

Ivor, ban taɓa roƙonka ka zo ba. Na san nisa, na san watan haihuwar tumaki yana gabanka, na san rayuwarka tana can. Amma ka zo kafin a gama tsinkar tuffa, tun rana tana da ƙarfi. Ko mako ɗaya ne. Ka zauna kusa da shi a waje, ka bar shi ya karkata kai ya kalle ka son ransa. Ni ma ina so in ji takunka a gidan nan, in yi maka faɗa kan takalma masu taɓo. In ka kira ranar Lahadi kada ka nuna masa ka sani, ka ce kawai kewar gida ta dame ka.

Ka gaishe mini da Corinne, ka ce mata rigar sanyin da ta saƙa wa Baba ba ya cire ta sai da rigima. Ka sumbaci Tegan da Rhodri, in da hali ka zo da ko ɗayansu. Howell da Bryony suna gaishe ku. Gwaggo Nesta ta ce in gaya maka ta fi ka tsufa amma ta fi ka zumunci. Aubrey ma yana gaisuwa. Allah ya tsare hanya, ya kawo ka da wuri.

Yayarka mai jiranka,
Hester